Layi Uku a Littafin Haihuwa

Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a ɗaura mini aure, Kaka ta tuna da maganar nono.

Shekara ta biyu ke nan da yanke mana jiha daga Sakkwato. Birnin Kebbi ta cika da baƙin fuska, gidajen haya sun koma ofisoshi, ni kuma na gama makarantar horon malamai ina zaune gida ina jiran takardar aiki. Wanda zan aura malamin firamare ne, ɗan Argungu, mai sanyin murya. Mahaifinsa masunci ne, ya daɗe da rasuwa.

Da la'asar ne, muna tsakar gida. Kaka, wadda ta haifi Inna, tana tsince tsakuwa daga shinkafa, Gwaggo ƙanwar Baba kuma tana tsokanata.

"Ke kam kin huta. Kifi da safe, kifi da rana, har ƙarni ya kama maki littattafai."

Kaka ta ɗago kai. "Wane kifi?"

"Ai ɗan masunta ne, na Argungu."

"Ni malami kunka ce mani."

"Malamin ne. Ubanai ne masunci."

Kaka ta ajiye faifai a ƙasa a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"To ku tsaya," in ji ta. "Yarinyar ga ta sha nonon matar masunci a Argungu."

Ban taɓa jin labarin haihuwata ba sai ran nan. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta zancena a gaban mutane, balle ta zauna ta ba ni labarin ranar da na zo duniya. Ashe ita da Kaka sun je gaisuwar rasuwa Argungu tana da tsohon ciki, gulbi ya cika ya yanke hanya, naƙuda ta zo kafin lokacinta. A asibitin can aka haife ni. Zazzaɓi ya rufe Inna kwana uku ba ta san inda take ba. Ina ta kuka, sai wata mata da ke kwance a gadon kusa ta miƙo hannu ta karɓe ni.

"Ke a dama, ɗanta a hagu," in ji Kaka. "Kwana uku tana ba ku. Ran na huɗu na tahi wanki, na dawo na iske an sallame ta."

"Sunanta fa?" in ji Gwaggo.

"Ɗiyata nike ce mata. Wa ke tambayar suna cikin wannan hali?"

Baba malami ne, a zaurensa ake ɗaukar karatu. Da aka kai masa maganar bai ɗaga murya ba. Ya ce ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri, ya ƙulla zumunta irin ta haihuwa. Kuma ba 'ya'yan matar kaɗai ne 'yan'uwana ba, har da 'ya'yan mijinta duka, ko daga wace mata aka haife su. Aka aika wajen mahaifiyar wanda zan aura, ta ce ita ba ta taɓa kwanciya asibiti ba, duk a ɗaki ta haihu. Amma ta ce marigayin yana da wata matar a lokacin. Baba ya ce ba zai ɗaura ba sai an san matar da ta shayar da ni, an san mijinta.

Washegari wanda zan aura ya zo ƙofar gida. Na fita na same shi a tsaye. Can ya ce, "In ta tabbata ke ƙanwata ce, ban san yadda zan koyi kallonki ba." Ya hau kekensa ya tafi.

Ni da Gwaggo muka shiga motar Argungu. A asibitin aka karɓe mu da mutunci, amma aka ce tsofaffin littattafan haihuwa tuni an kai su ajiya Sakkwato, kuma da aka raba jiha an ɗebo na ɓangarenmu an kawo Birnin Kebbi. Gwaggo ta tafa hannu.

"Wato mun baro abin a gida munka zo shan rana."

Ofishin wani gidan haya ne a Badariya, da bishiyar darbejiya a ƙofa. Na sha wucewa ta gabansa ban taɓa waiwaya ba. Aka nuna mana ɗakin ƙarshe. Da na sa ƙafa ciki sai na tsaya cak.

Littattafai ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, masu baƙin bango, an ɗaure su goma-goma da igiyar rama. Ɗakin yana ƙamshin tsohuwar takarda da maganin gara. Haske yana shigowa ta ƙaramar taga ya kwanta a kan tarin da ke kusa. Na girma cikin littattafan Baba, na san nauyin takarda, amma waɗancan duk maganar malamai ce. Waɗannan kuwa mutane ne kawai. Kowane layi mace ce da ta durƙusa, da jaririn da ya yi kukan farko. Na tuna matan da nake gani a kasuwa, da masu kabu-kabu, da yaran da zan koyar, na ce a raina ashe duk suna nan a ɗaki ɗaya, a kwance kusa da juna, ba su sani ba.

Mai kula da ɗakin wani dattijon akawu ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Tare da littattafan ya dawo daga Sakkwato, a bayan motar da ta ɗauko su. Ya saurari Gwaggo har ta gama, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, wace shekara anka haife ki?"

Na faɗa masa abin da ke takardar makarantata.

"Wa ya rubuta?"

"Hedimasta, Baba."

"Ya sa ki ɗora hannu bisa kai ki taɓa kunne?"

Na ce haka aka yi. Ya yi dariya har tabaran ya zame.

"To wannan shekarar hedimasta ce, ba taki ba. Mi tsohuwa ta tuna?"

Gwaggo ta ce shekarar da gulbi ya yanke hanyar Argungu.

Bai ƙara tambaya ba. Ya nufi kusurwa, ya sauke ɗauri biyu, ya zaro wani littafi da gindinsa ya kumbura. Ya buɗe. A ƙasan kowane shafi akwai sawun ruwa, launin ƙasa-ƙasa, mai lanƙwasa kamar bakin gaɓa.

"Ruwan ya shiga har ofis shekarar nan," in ji shi. "Shi kaɗai ne littafin da ya sha gulbi. Ko ido rufe ina gane shi."

Na sa yatsa na taɓa wurin. Ruwan da ya tsare Inna a Argungu, wanda ya sa aka haife ni a inda ba a shirya ba, ga shi nan ya bushe a takarda shekara ashirin da wani abu yana jirana.

Muka bi shafi-shafi. Rubutun ungozomar mai kyau ne, ya ɗan karkata dama. Kowane layi da sunan mai jego, da na mijinta, da sana'arsa, da unguwa, sannan namiji ko mace. Sai ga sunan Inna. Sunanta na yanka, wanda ban taɓa jin kowa ya kira ta da shi ba. A gabansa an rubuta baƙuwa daga Birnin Kebbi, sannan mace, sannan da rai. Ba ni da suna tukuna. Kalma biyu ce ni a duniya, mace da rai. Na karanta su ya fi sau biyar.

Gwaggo ce ta ga sauran. Layin da ke sama da na Inna, matar masunci ce, ta haifi namiji, da rai. Layin da ke ƙasa ma matar masunci ce, namiji, amma a ƙarshe an rubuta da jan biro, ya koma. Gwaggo ta ɗora yatsa a layin sama, a gurbin sunan miji, ta yi salati. Sunan mahaifin wanda zan aura ne, har da sunan kakansa.

Na tuna maganar Kaka, ke a dama, ɗanta a hagu. Cikin matan biyu ɗaya ce ke da ɗa a hannu. Na zauna a kan wani ɗaurin littattafai.

"Shi ke nan, Baba?" na tambayi akawun.

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Littafi ya san wadda ta kwanta kusa da wa. Bai san wadda ta ba ki nono ba. Ku nemo ta ku ji daga bakinta."

Nemo ta ɗin ne aiki. Bayan rasuwar mijin da ta fita takaba, ta auri wani manomin shinkafa ta tafi da ɗanta yana ƙarami. Wasu sun ce sun yi Yawuri, wasu sun ce sun dawo. Abin da dangin marigayin suka riƙe kawai shi ne sunan sabon mijin. Muka koma wa akawun da shi bayan kwana biyu.

"In yana noman fadama, bana an rubuta shi," in ji shi. "Gwamnati na rubuta manoma saboda injin ban-ruwa. Ku tahi ofishin gona ku ce ni na aiko ku."

Littafin ofishin gona sabo ne, takardarsa fara tas. Wata ma'aikaciya da ta girme ni kaɗan ta buɗe mana. Nan muka gamu da wata wahalar. Mutum biyar ne masu wannan suna, har sunan uba iri ɗaya, a warwatse daga Ambursa zuwa Augie.

"Sai mu bi su gida-gida muna tambaya, wa ya auri bazawara?" in ji Gwaggo. "A kore mu da muciya."

Ni kuwa idona yana kan sauran gurabun. A fadama ba a san lambar gida ba, ba a san sunan titi ba. Don haka kowace gona an kwatanta ta da maƙwabtanta, gabas gonar wane, yamma gonar wane, kudu wane, arewa ƙorama ko hanya. Babu wanda aka rubuta shi kaɗai. Kowane mutum yana tsaye da mutum uku ko huɗu sun kewaye shi, kowane ɗayansu kuma yana da nasa huɗun a wani layi. Da mutum zai yi haƙuri, zai iya kama sunan farko ya bi iyaka zuwa iyaka, ya ratsa kwarin Rima gaba ɗaya ba tare da ya tashi daga kujera ba. Sai na ce wa ma'aikaciyar ta bar ni in karanta maƙwabtan mutum biyar ɗin.

Na farko ba komai, na biyu ba komai. Na uku a Zauro yake. Gabas da shi wani, arewa ƙorama. Yamma da shi kuwa wani saurayi ne, kuma sunan uban da aka rubuta masa shi ne wanda Gwaggo ta ɗora wa yatsa a littafin haihuwa. An ƙara masa da na Argungu. Ɗan da aka haifa a layin da ke sama da nawa ne. Ya girma, mijin uwarsa ya yanka masa gona a gefen tasa.

"Kai, boko!" in ji Gwaggo. Ta kama kaina ta girgiza. "Ashe ba mafarki kaɗai kinka iya ba."

Zauro ba nisa. Muka hau kabu-kabu biyu da hantsi. Lokacin girbi ne, shinkafa ta yi ja-ja har iyakar gani, tsuntsaye suna tashi gungu-gungu. Ni dai ban ga kyanta ba ran nan. Ina ta lissafin yadda zan gaida wanda zan aura idan ya zama yayana, da inda zan kai zanen da na riga na ɗinka.

Mai unguwa ya haɗa mu da wata jikarsa budurwa ta kai mu gidan. Muka iske matar a bakin murhu tana turara shinkafa a babbar tukunya, gajeriya, mai fara'a, tururi ya jiƙa mata goshi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Gwaggo ta jero bayani tun daga gulbi har littafi. Matar ta saki ludayi ta zuba mini ido.

"Ke ce 'yar baƙuwar nan mai zazzaɓi? Mai kukan nan?"

Na ce ni ce.

"Allah mai iko! Kin hana mu barci kwana uku."

Gwaggo ba ta iya jira ba. "Baiwar Allah, ke kinka ba ta nono?"

"Ni?" Ta yi dariya ta dafa ƙirji. "Da wane nonon? Ni da ruwan bai zo mani ba sai da munka kwana shidda. Nawa ɗan ma ba ni na fara ba shi ba."

"To tsohuwarmu ta ce ta ga matar da ɗanta a hagu."

"Ɗana ne ta gani a hannun matar ɗaya gadon. Nata ya koma tun daren farko." Murmushin ya bar fuskarta. "Ta kwana tana kuka, nono ya cika mata har yana zuba. Da safe ta ji nawa yana tsala ihu, ta ce in miƙo shi. Can ta ji ki, ta ce wa tsohuwarku ta miƙo ki. Haka ta zauna da ku biyu, ba nata ko ɗaya. Wanda bai sani ba cewa zai yi tagwaye ta haifa."

Na rufe fuska da mayafi. Ban san ko kukan sauƙi nake yi ba ko na jaririn nan da aka rubuta da jan biro.

"Tana raye?" in ji Gwaggo.

"Garau. Tana Argungu, unguwar masunta, bayan mashaya. Kowace kaka ina aika mata da shinkafa. Ai uwar ɗana ce."

Baba bai yanke hukunci da jin labari ba. Ya ce zai je ya ji da kunnensa. Ranar Asabar muka tafi, ni da shi da Gwaggo da Kaka, da turmin atamfa da goro. Gidan yana daf da gulbi, taruna a shanye a kan darni, ƙamshin bandar kifi ya cika ko'ina. Matar doguwa ce, baƙa, ta fara furfura. Kafin a ce komai ita da Kaka suka tsaya suna kallon juna.

"Ɗiyata," in ji Kaka.

"Inna mai wanki," in ji matar. "Kin tahi wanki shekara ashirin ba ki dawo ba."

Baba ya zauna a zaure da mijinta, ita tana daga bayan asabari, ya yi mata tambayoyi ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Ita ta shayar da ni, kwana uku. Mijinta ga shi zaune, ba shi da wata dangantaka da gidan su wanda zan aura sai ta sana'a. Wanda zan aura bai taɓa shan nononta ba. Sannan Baba ya ce ƙanen angon ɗan'uwana ne na nono, shi da 'ya'yan gidan nan duka, amma wannan bai taɓa yayansa ba. Aure yana nan ranar da aka sa.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a gidan mutane, Baba ya yi gyaran murya, ba ta fasa ba.

Matar ta ja ni ɗakinta. Ta riƙe hannuna tana juya shi, tana duba yatsuna.

"An ce kin yi karatu mai zurfi."

"Kaɗan dai, Inna."

Kalmar ta fito da kanta. Ta ji ta, ta yi kamar ba ta ji ba.

"To nonona ne," in ji ta. "Ki gaya wa malamanku."

Ta kira 'ya'yanta da ke gida suka shigo, ta ce su gaida yayarsu. Wata ƙarama a cikinsu, mai wayo, ta dube ni ta ce, "Ke ce ta tara ɗin?"

Ban gane ba. Sai babbar ta yi mini bayani. Su bakwai ne a raye, amma duk wanda ya tambayi uwarsu 'ya'yanta nawa, tara take cewa. Bakwai a gida, ɗaya a Zauro, ɗaya kuma tana wajen mutane a Birnin Kebbi, ba ta san gidan ba.

"Na so in neme ki," in ji matar. "To ina zan fara? Ni ban san akwai littafi ba."

An ɗaura auren ranar da aka sa. Matar da ta shayar da ni ta zauna kusa da Inna a ɗaki, su biyun ba mai yawan magana, suna cin goro ɗaya da suka raba. Ɗan'uwana na Zauro ya zo da buhun shinkafa a bayan babur, yana ta jin kunyata.

Bayan biki na koma Badariya da ƙwaryar alkaki. Dattijon akawun yana nan cikin littattafansa, yana kwance wani ɗauri. Na ba shi labari duka. Ya saurara, yana gyaɗa kai.

"Wadda ke ƙasa ce ashe," in ji shi. "Ni ma ta sama na zata."

Na roƙe shi ya sake buɗe mini shafin. Ya ɗauko littafin mai kumburarren gindi ya ajiye a gabana, ya koma ga aikinsa. Na zauna na karanta layukan uku daga sama zuwa ƙasa, a hankali, har da unguwa da sana'a. Sannan na ciro takarda daga jakata na kwafe su yadda suke, na tambaye shi ko yana da jan biro.